Yadda Na Wanke Ango Tas

Kawuna mai hoto ne. Duk wanda ya gama firamare a Wurno tsakanin 1970 da 1985, ko ya nemi aiki aka ce ya kawo ɗan ƙaramin hoto, da wuya bai taɓa tsayawa ƙiƙam a gabansa ba, ƙirji a banƙare, ido a zare. Ranar Sallah kuwa ko tuwo a tsaye yake ci. Ni dai ban taɓa ganin girman sana'ar ba. Mutum ya leƙa akwati ya danna ɗan ƙarfe, mene ne abin gumi a ciki? Balle ni da na karanta kimiyya, har nake koyar da ita ana ce mini Malam.

Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suka raba abin da za a raba, aka bar wata tsohuwar adaka ba mai so, sai suka turo mini. A ciki na tarar da kyamara ƙirar Japan, Yashica-D, mai ido biyu: na sama na leƙe ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Ga wani baƙin gwangwani na wankin fim mai faifai a ciki, ga kuma ɗan littafi da Kawu ya cika da rubutun ajami. Na ɗan dudduba littafin, na ga hannun Kawu kamar tafiyar kiyashi, na jefa shi gefe. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran.

Kyamarar ta shekara kusan talatin ba a taɓa ta ba. In ka danna, ƙyauren idonta sai ya buɗe a hankali kamar mai hamma, ya ƙi rufewa. Ƙyauren nan wasu 'yan ɓallaye ne na ƙarfe, sirara kamar fatar albasa, waɗanda ya kamata su buɗe su rufe cikin kashi ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa. Na ce ai ƙishin mai suke ji. Na ɗauko man keken ɗinkin Inna na ɗiga musu digo uku masu kyau. Nan take suka manne da juna, suka yi shiru gaba ɗaya. Ashe ɓallayen a bushe suke aiki, mai shi ne ajalinsu.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na fara kwance fuskar kyamarar don in goge ɓarnar da na yi. Na jera ƙusoshinta a murfin kwano, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba. Kazar Inna, wata wake-wake mai yawan ƙwai, ta zo wucewa, ta dubi murfin, ta ga gero. Kafin in ce kur, ta tsince ɗaya ta haɗiye. Na bi ta da kallo kwana biyu, ina bincika duk inda ta tsuguna, ban ga komai ba. A rana ta uku na kira mai yanka. Mun sami ƙusar a ƙundu, ta yi fes har tana ƙyalli.

Inna ta tsaya a kaina, ta riƙe haɓa. "Malam, kaza tawa ta ta da anka yanka don ƙusa?"

"Inna, zan biya."

"Kawunka shekara nawa shina wagga sana'a, ko ɗan tsako bai kashe ba."

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A ƙarshe wani mai gyaran agogo ne ya cece ni. Ya wanke ɓallayen da ɗan man laita, ya bar su suka bushe, ya mayar da komai mazauninsa. Ya danna, kyamara ta ce ƙyas. Ya miƙo mini ita yana cewa in na sake ganin ta yi ciwo, in kawo ta tun kafin in yi mata magani.

Wani abokina da ke karatu a Ingila ya aiko mini da fim nadi uku na kamfanin Ilford, mai ɗaukar baƙi da fari. Irin faffaɗan nan ne da ake kira 120, wanda Kodak ta fito da shi tun 1901, kowane nadi hoto goma sha biyu kacal. Saura maganin wanki, shi kuma ban san inda zan same shi ba. Amma na taɓa karanta cewa a 1995 wani malami da ɗalibansa a wata kwalejin fasaha da ke Rochester a Amurka sun wanke fim da kofi. Abin da ake buƙata kofi ne, da bitamin si, da sodar wanki. Sodar nan kuwa 'yar uwarta na nan cikin kanwa, in aka gasa ta sai ta ƙara kaifi. Na ce shi ke nan, abin nema ya samu. Na sayi kofi ƙulli goma sha biyu a wurin mai shayi, har yana tambaya ko baƙi na yi. Na daka ƙwayar bitamin a turmin yaji, na gasa kanwa a kaskon Inna, na tace. Da na haɗa, kanwa ta kar tsami, sai wani wari ya tashi wanda daddawa ma sai ta ba shi hanya.

Nadi na farko a Wurno na ƙarar da shi. Na ɗauki masu cirar tafarnuwa a fadama, na ɗauki hanyar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin nan a 1837, shekara biyu kafin a bayyana wa duniya sirrin hoto a Faransa. Ina tafe ina jin kaina kamar Baturen nan Barth da ya sauka Wurno a 1853, har ina tausaya masa don shi da alƙalami ya yi ta fama.

Sa fim a faifai sai cikin duhu ƙirin, duhun da ko tafin hannunka ba ka gani. Na shiga ɗakin ajiyar Inna da tsakar ranar watan Afrilu, na toshe taga da buhu da bargo. Fim ba ya son danshi, ni kuwa gumi ke zuba daga kowane yatsa. Na tura, ya manne. Na ja, ya nannaɗe kamar maciji. Na fi rabin awa ina kokawa da abin da ba na gani. Sai kawai ƙyaure ya buɗe, tocila ta dalle ni a fuska.

"Mi kaka yi nan cikin duhu kamar ɓarawon gero?"

"Wayyo Inna, kin ƙona mini fim!"

Ta haska hannuna, ta haska ƙasa, ta shinshina. "Ina wutar?"

Ban iya yi mata bayani ba. A jikin fim akwai wani shafi na dasƙararren romon ƙashi da fata, cikinsa an barbaza gishirin azurfa. Duk inda haske ya taɓa, in an zuba magani wurin sai ya koma baƙi. Wanda ya sha tocila kuwa ko'ina baƙi ne, shi ne masu sana'ar ke cewa ya ƙone. Duk da haka na jefa shi cikin haɗina, ya fito baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Maimakon in yi baƙin ciki sai na yi tsalle, domin baƙin nan shaida ce cewa kofi da kanwa suna aiki. Wannan nasarar ce ta kai ni ta baro.

A makon nan aka sa ɗaurin auren wani aminina, ɗan kasuwar albasa, a Rabah. Na ce masa kada ya ɗauki mai hoto, ni zan yi masa irin na manya, wanda jikoki za su gada. Ai garin Sardauna ne, mutumin da hotonsa ke kan takardar naira ɗari biyu, bai dace a yi hoton waya a can ba. Ranar biki na rataya Yashica a wuya, na kori yaran da ke ɗaga wayoyi. Ita kyamarar nan a ciki ake riƙe ta, ka sunkuya kana leƙa ta sama kamar mai duba rijiya, kuma dama takan koma hagu a gilashinta. Sai in ce wa dattawa su matsa nan, su matsa, in ga sun fice ta can. Na yi ta kai su ina komowa da su har mahaifin ango ya ce, "Yaro, hoto za ka ɗauka ko faretin soja?" Ina ja da baya don in samo kowa, na taka tiren alkaki. Duk wanda na ɗauka sai ya zagayo ya ce, "Mu gani." In ce sai an wanke. Wata tsohuwa ta ce ita da ta yi wanka ta sa sabon zane, me kuma za a wanke?

Wannan karon na ce bari in leƙa littafin Kawu. Da ƙyar na haɗa kalma uku: asuba, randa, haifo. Biyun farko na gane su. Wankin fim yana son ruwa mai sanyin digiri 20, mu kuwa a Afrilu zafinmu ya haura 40, ruwan jarka zai iya narkar da shafin nan na romo. Shi ya sa Kawu ke wanki da asuba da ruwan randa. Haifo kuma shi ne magani na biyu, mai cinye gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, don hoto ya zauna daram. Na ba autanmu kuɗi na ce ya sayo mini haifo. Ko minti biyar bai yi ba ya dawo da 'yan ledoji. Na ce kai, ashe abin ma a kowane shago akwai shi, amma masu hoto ke ta kuri.

Bayan sallar asuba na sa sakata, na tura turmi bayan ƙyaure. Fim ya hau faifai lafiya. Na zuba haɗi, ina jujjuya gwangwani, minti goma sha biyar. Na ɗauraye, na ɗan ɗaga bakin fim a hasken da bai kai ya kawo ba. Wallahi ga ango nan, ga rawanin mahaifinsa, ga ma tiren alkaki. Sai da na ji ƙwalla. Na mayar, na farke ledojin auta na tuttula. Warin da ya bugi hancina na ranar wankin fararen kaya ne, amma farin ciki bai bar ni na yi tunani ba.

Da na buɗe bayan minti biyar, ruwan ya yi kauri kamar kunun kanwa. Na jawo fim, sai ga leda garau, kana hango bango ta cikinta. Babu ango, babu dattawa, babu Rabah. Ruwan farar da tufafi ne, wanda mata ke kira haifo, aikinsa kuwa ya yi tsakani da Allah. An saba yi wa ango wanka da lalle da turare, ni kuwa na wanke nawa har ba a ga ko hularsa ba.

Na kwashi ledar na tafi Sakkwato wurin wani tsohon mai hoto da ya san Kawu. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya jawo wata kwalba mai 'yan duwatsu farare kamar alif, ya ce wannan shi ne haifon masu hoto, suna ne kawai ya zo ɗaya. Daga baya na duba na ga tun 1819 wani Bature mai suna John Herschel ya gano aikinsa. Malamin kimiyya guda, sai da na narkar da biki sukutum na san wannan. Tsohon ya ɗebar mini kaɗan a takarda, ya ce, "Ɗana, Kawunka shekara ukku yay yi shina ɗauraye hoton wasu kahin a bar shi ya taɓa maganin ga."

Ango ya yi haƙuri, don Allah ya sa wani yaro cikin waɗanda na kora ya laɓe bayan mota ya ɗauki komai da waya. Amma na rantse sai na fanshi kaina da nadi na uku. Na bi shi Goronyo inda ya je sarin albasa, na sa ya ɗauko babbar rigar bikin. Muka je bakin madatsar ruwan da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, ruwa ya miƙe iya ganinka. Na ɗauke shi ta kusa, na ɗauke shi ta nesa, na ɗauki jakin da ya kawo masa kaya don in gwada haske.

Wanki ya yi kyau, haifo na gaskiya ya yi aikinsa. Da yake ba ni da takardar bugawa, sai na ɗora fim a kan farin haske na ɗauka da wayar auta, wayar nan da na raina, na juya baƙi ya koma fari. Hotunan kusa duk babbar riga ce ba kai, domin idon leƙe yana sama da idon ɗauka, in ka matso da yawa abin da ka gani daban, abin da ta ɗauka daban. Guda ɗaya ne kan ya fito sosai. Sai dai Yashica-D ba ta hana ka ɗauka sau biyu a gurbi ɗaya in ka manta ba ka murɗa fim ba, ni kuwa na manta. Ga ango yana murmushi, ga dogayen kunnuwa biyu sun ɓullo ta gefen hularsa, ga mangalar albasa a kafaɗunsa, ruwan Goronyo na sheƙi a baya.

Na so in ɓoye, auta ya riga ya tura. Amarya ta sa an buga mata shi babba a Sakkwato, an sa a gilashi. In sun yi faɗa takan ɗauko shi ta jingina a kan gado ba ta ce komai ba.

Daga baya na kai littafin Kawu wurin wani gardi ya karanta mini shi daga farko har ƙarshe. Komai na ciki: kada mai ya kusanci ƙyaure, a sa sakata kafin a buɗe fim, kada a matsa kusa da mutum fiye da taku huɗu. Maganar murɗa fim kuwa sau uku ya rubuta ta, ya ja mata layi. A shafin ƙarshe ya ce duk hoton da ya lalace a mayar wa mai shi da kuɗinsa. Nan kam na tsira, don ban karɓi ko kwabo a hannun kowa ba. Inna ce dai har yau take bina kaza, kuma ta ce da ƙwayayen da za ta yi.