Sannunku da Aiki, Masu Jan Layi

Ana yawan jinjina wa Amurkawa kan yadda suka faɗaɗa ƙasarsu daga tekun gabas har tekun yamma. A 1830 shugabansu Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun asali daga gonakinsu, a 1838 aka kora 'yan Cherokee yamma, dubbai suka mutu a hanya, a 1848 kuma aka yanki Kalifoniya daga jikin Meziko. Da ƙasa ta samu sai gardama ta tashi: a yi bauta a sababbin yankunan ko kada a yi? Ita ce ta kai su yaƙin basasa a 1861. To, mu mutanen Zangon Kumasi bai kamata mu yi ta yabon na nesa mu manta da namu ba. Turawan Ingila da suka taso daga bakin teku suka nausa arewa sun fi cancantar kirari, don su ko yaƙin basasar bai faɗo a kansu ba. Sun tafi sun bar mana.

A gaishe ku da tausayi, Turawan Ingila. A watan Fabrairun 1874 Janar Wolseley ya shiga Kumasi, ya kwashi abin da ya kwasu a fada, ya cinna wa garin wuta, sannan aka nemi Tonawa, wato mutanen Asante, su biya oza 50,000 na zinariya ladan wahalar da aka sha wajen ƙona musu gida. Wane mai adalci ne zai yi aiki irin wannan kyauta? Da bashin bai biyu ba, kuka dawo a 1896 kuka ɗauke wa Sarki Prempeh nauyin sarauta, kuka kai shi hutu Elmina, daga nan Saliyo, daga nan tsibiran Seshel, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Gwamna Hodgson ma, saboda tsananin girmama al'ada, a 1900 ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautar Tonawa ya zauna a kai. Yaa Asantewaa ta Ejisu ba ta gane karamcin ba, ta ja yaƙi. Ita ma kun ba ta masauki a Seshel, can ta rasu a 1921.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsimi. Ba ku ɓarnatar da jinin 'ya'yanku ba alhali ga namu da araha. Tun Kyaftin Glover kuke ɗibar Hausawa da sauran mutanen arewa, da yawansu bayi ne da suka gudo suna neman mafaka, ku ɗora musu bindiga ku sa su a gaba, har Hausa ta zama harshen bariki. Wanda aka ƙona wa gari bai riƙe fuskar Bature ba, fuskar mai riƙe da bindiga ya riƙe. Wannan gadon ma mun karɓa, mun gode.

A arewa kuwa takarda ta yi muku aikin igwa. George Ekem Ferguson, ɗan Fante ma'aikacinku, ya zaga a 1892 da 1894 yana ƙulla yarjejeniyar abota da ciniki da sarakunan da ba su karanta abin da ke ciki ba. An kashe shi kusa da Wa a 1897, amma abotar ta yi albarka, don ranar 1 ga Janairun 1902 abokan suka wayi gari ƙarƙashin kariyarku. Kafin nan, a 1898 kun ja layi da Faransa ta arewa, a 1899 kuma kuka zauna da Jamusawa kuka raba Dagwamba biyu: Yendi, fadar Ya Na, ta faɗa hannun Jamus, Tamale ta faɗo naku. Sarki a wata ƙasa, talakawansa a wata. Falken da kakanninsa suka yi ta bin hanyar Gwanja daga Kano zuwa Salaga sayen goro, ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda, shi ma kun karrama shi da sabon suna: baƙo.

Sai kuma hangen nesa. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, ya tsaya cak, don zinariya da katako da koko duk a kudu suke, me jirgi zai je ɗauka a Bolga? Abin da arewa ke da shi ƙarti ne, su kuwa suna da ƙafafu. Suka taka zuwa ramukan Obuasi da Tarkwa da gonakin koko. Don kada karatu ya lalata muku lebura, makarantar sakandare ta gwamnati ba ta buɗe a Tamale ba sai 1951, alhali Mfantsipim tana nan a Cape Coast tun 1876. Kanikawan Suame Magazine da ke Kumasi su ne shaida. Tun da ba dogo zuwa arewa, tirela da manyan motoci ke jigilar komai ta hanyar Techiman zuwa Tamale da Wagadugu, kuma a Suame ake yi musu walda, a sauke inji, a gyara giya. Ku tambayi yaran da ke kwance ƙarƙashin motocin cikin baƙin mai inda iyayensu suka fito, ku tambayi 'yan matan da ke dakon kaya a ka a kasuwar Kejetia. Tsarinku bai tashi aiki ba ko na kwana ɗaya.

Kyautar da ta fi kowace daɗewa ita ce ta siyasa. Kun haɗa bakin teku da Asante da arewa a buhu ɗaya, kowa da irin mulkin da kuka yi masa, sannan kuka fara haɗa kayanku. A 1954 kowa ya kama gabansa: arewa ta kafa jam'iyyarta, Baffour Akoto ya kafa jam'iyyar NLM a Kumasi yana neman mulkin tarayya, mutanen zango suka shiga jam'iyyar Musulmi ta MAP. Ɗalibanku kuwa sun haddace darasi. Watanni kaɗan bayan 'yancin 1957 gwamnatin Nkrumah ta ce Alhaji Amadu Baba, jagoran Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden baƙi ne. Suka je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta hutar da alƙali, ta yi doka ta musamman da sunayensu biyu a kai, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta faɗaɗa alherin: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Dubun-dubatar mutane suka sayar da gida da shago a wulaƙance suka hau bayan mota, cikinsu har da waɗanda aka binne cibiyarsu a Kumasi, jikokin sojojin da suka ci muku ƙasar. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Har gobe, ɗan zango mai suna Garba ko Inuwa in ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa, yana shirya amsar tambayar da ba a yi wa maƙwabcinsa: daga ina kakanka ya zo?