Mazhabobin Masu Farautar Faɗuwar Rana

Duk wanda Allah ya kai shi dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su nufi Tafkin Cadi, idan ya tsaya bakin ruwa da la'asar sakaliya a watannin hunturu, lokacin da agwagin Turai suke sauka Dagona da Baturiya don gudun sanyin ƙasarsu, to, zai tarar da wata al'umma wadda magabata ba su ambace ta a littattafansu ba, wato masu farautar faɗuwar rana da na'urar hoto. A zahiri jama'a ɗaya ce, amma mazhabobinta suna da yawa.

Limaminsu shi ne Sarkin Kaya, wanda yake zuwa da yaro biyu suna ɗauke masa jakunkuna, da na'ura mai baki kamar taɓarya, da ƙarfe mai ƙafa uku wanda sai an yi shawara kafin a kafa shi cikin laka. Wannan bawan Allah ya san komai na daga ilimin haske, in ban da mas'ala guda, ita ce rana a ƙasarmu, daga sa'ad da gindinta ya taɓa ƙasa zuwa ɓacewarta, ba ta cika minti uku. Balle ma da hunturu, da hazo kan haɗiye ta tun tana sama. Yana cikin ɗaure wannan yana kwance wancan sai ya ɗaga kai ya tarar an gama, sa'an nan ya juya ya ɗora wa yaran laifi.

Akwai mai ba rana baya don ya ɗauki kansa, alhali na'ura idan ta fuskanci haske mai ƙarfi sai ta duhunta abin da ke gabanta. Hoton ya fito ga sama ja wur, ga wani baƙin dungu da hula, ya kuwa rantse wa mutanen gida shi ne. Akwai kuma marini, wanda in ya koma masauki yake ƙara wa samaniya ja da ruwan ɗorawa, sai ka ce aikin Mahalicci ne yake bukatar gyara, wal'iyazu billahi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai umarni. Ya hango masunci a kan gorarsa yana neman abin da iyali za su ci, sai ya daka masa tsawa: "Malam, koma baya kaɗan! Sake jefawa!" Masunci ya jefa, ya sake jefawa, har kifin wurin ya watse, kana ya ce, "Ranka ya daɗe, in an gama da ni, ko za a sayi na miya?" A nan ne mai umarni yake tuna ba shi da canji.

A bayansu duka ga dattijon da bai taɓa ɗaukar hoto ba, aikinsa fatawa. Kome ka nuna masa sai ya girgiza kai ya ce ai ba ka ga ruwa ba, da ka zo kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kafin ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Abin takaicin shi ne gaskiya yake faɗa.

Amma wanda nake tausaya wa haƙiƙatan shi ne mai tsoron Allah daga cikinsu, domin kyakkyawan jan nan da kowa ya zo nema, wanda malamai suke kira shafaƙi, ba ya bayyana sosai sai rana ta ɓace, daidai sa'ad da ladan yake kiran magariba, ga shi kuwa a mashahurin zancen Malikiyya zaɓaɓɓen lokacinta ƙanƙane ne. Sai ka gan shi yana alwala, ido ɗaya a buta ɗaya a yamma, sauro kuma sun yi masa sahu a wuya.

Mai karatu, in ka yi niyyar shiga cikinsu, ka riƙa alwalarka tun la'asar, ka sa riga mai dogon hannu, ka kuma sayi kifin masuncin.