Yadda Za Ki Dafa Kaza a Bazara Ba Tare da Kin Ɓata da Kowa Ba

Ɗan yayata ya dawo daga karatu a Jamus, ya zo gaisuwa Unguwar Tudu a tsakiyar bazara, irin ranakun nan na Afrilu da ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya tsallaka tsakar gida. Muna gindin darbejiya muna fifita, sai ya ɗauko labarin wani abinci da ya ce yana kewa: kaza a kasko ɗaya, da afararin madara, da wani tsiro da suke kira asfaragus. A can, in ji shi, da sanyi ya janye ake fara yankan tsiron, tun daga Afrilu, ranar 24 ga Yuni kuma manoma su ajiye wuƙa sai baɗi. Jamusawa sun fi son fari, wanda ake tara wa ƙasa kamar kunyar dankali don kada ya ga rana. Wanda ya dasa kuwa sai ya jira kamar shekara 3 kafin ya fara ci.

Goggo tana gefe tana tsinkar zogale a faranti. Ta ɗago ta ce, "Shekara uku, ɗan nan? Ai a shekara uku an yaye yaro, an yi masa ƙane." Sai ta nuna bakin danga da haɓa. "Ka ga wancan? Reshe aka karyo aka soka, ga shi nan yana zubar da 'ya'ya awaki suna ci."

A daren nan Goggo ta dafa masa namu. Tun daga lokacin kowace bazara sai na yi, kuma abin da na koya shi ne girkin ba ya ba da wahala. Kaza da mutanen gida su ne ke bukatar dabara.

Kafin ki taɓa ashana, ki binciko kazar wace ce. A gidajenmu babu kazar da ba ta da uwar ɗaki. Waccan ja ta amarya ce, mai wake-waken ta Inna ce, baƙar kuwa ta Auta ce da kakarsa ta ba shi, kuma ya riga ya lissafa takalmin Sallah a jikinta. Kaza asusu ce mai ƙafa biyu: kuɗin magani, kuɗin Laraba, gudummawar biki, duk daga akurki suke fitowa. Wadda kuma ta kai bazara da ranta ta tsallake annobar da ke share kaji lokacin hunturu, don haka darajarta ta ƙaru a idon mai ita. Ki je da sallama da fara'a, ki yi ciniki sosai, ki biya a hannu. Kada ki taɓa mai kwanci ko mai 'ya'ya. Ki nemi sagara ko matashin zakara. Babban zakaran da ke tashin gida da asuba kuwa ki bar shi, yana da magoya baya har a maƙwabta.

In cinikin gida ya gagara, kasuwar Gwarzo da ta Getso suna nan. Ki ɗaga kaza ki ji nauyinta, ki shafa ƙirjin. In ƙashin ya tsaya kamar bakin lauje, gashi za ki saya. Akwai kuma ta gidan gona, wadda ke isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, mai laushi da saurin nuna. Tana da amfaninta ranar da baƙo ya faɗo ba sanarwa. Amma romon kazar da ta yi wata da watanni tana tonon gara a bayan rumbu daban ne, kuma wannan miya a kan romo take tsayawa.

Kazar gida tana jin Hausa, saboda haka kada a ambaci wuƙa a tsakar gida, kada a nuna ta da yatsa. Ranar da aka yi shawara a gabanta za ki ga ta daina zuwa bakin turmi, ta koma kan katanga tana kallon kowa da ido ɗaya. Hanyar kama ta guda ce: da asuba, kafin a buɗe akurki, ki zura hannu ki ɗauko ta, ki kifa mata kwando a inuwa da ɗan ruwa a kasko. In kuwa kika bari sai da rana ta take kika ce, "Yara, ku kamo min waccan," to kin buɗe gasar tsere. Za a bi ta ta ƙarƙashin rumbu, ta bayan turken awaki, ta cikin ɗakin Inna. Randa za ta tsage, shanyar kuka za ta kife, wani zai fito da ƙaya a dunduniya. Kazar za ta tsallaka gida uku tana sanar da jama'a, kuma da Magariba za ki ga masu zuwa duba jikin Inna sun ninka na jiya, alhali Inna lafiyarta ƙalau.

Maigida ya yanka, ya fuskanci alƙibla da bisimilla. Auta zai yi ƙwalla, a rarrashe shi, sabo da kaza dai ba ya hana yanka ta. Ki fige da ruwan zafi, ki babbake da karan dawa, ki wanke, ki daddatsa. Sannan ki ƙirga yankan a gaban shaida. Ki faɗa da ƙarfi: cinya biyu, fiffike biyu, ƙundu ɗaya. Wannan ƙidaya ita za ta kare ki ranar rabo.

Yanzu maganar kauri. A ƙasashen Turai lokacin da asfaragus ke fitowa shi ne lokacin sabuwar ciyawa, shanu suna ƙoshi, madara tana yawa. Bazararmu kuwa ita ce lokacin da saniya ta fi ramewa. Ciyawa ta ƙare, garke da yawa sun yi kudu ko sun sauka fadama, ƙwaryar 'yar Fulani ba ta cika, kindirmo ya yi tsada. Saboda haka jikin miyarmu daga gyaɗa zai fito, kindirmo kuma ludayi biyu ya isa, na ƙamshi da santsi. Kuma babu abin jin nauyi a nan. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne. Ita ce ta cika taragun jirgin ƙasa tun daga 1912, ita ce Alhaji Alhassan Ɗantata da sauran 'yan kasuwa suka tara har ta zama dala a Kano, kafin farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 su karya wannan zamani. Har yau a Senegal da Mali miyar gyaɗa da nama abincin fita kunya ce.

Sai dai ki kula da buhun da za ki buɗe. Gyaɗar da ta rage a ɗaki a watan Afrilu sau da yawa iri ce, maigida ya ɗaure bakinta yana jiran ruwan shuka. Gara ki taɓa rawaninsa da ki taɓa wannan buhu. Ki auno taki, gwangwani ɗaya ya ishi kaza ɗaya. Ki baza a faifai ki tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ko take da ɗaci, domin wannan fumfunar tana ɗauke da gubar da ke cin hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. A nan ba wasa. Ki soya sama-sama da yashi, kada ta yi ja sosai, ki murje, ki sheƙe. In za ki aiki yaro inji, ki cika masa tafin hannu da tasa tun daga gida. Yaron da bakinsa ke aiki a hanya yakan dawo da markaɗe cikakke.

Tumatir ba ya cikin wannan girki, kuma aljihunki zai gode miki. Da zafi ya tsananta na lambu yake janyewa, farashi ya hau, kuma wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano, ya san yadda abin yake kaiwa. Abin da za ki tanada shi ne albasa 2, attaruhu 3, tafarnuwa, citta, ɗan masoro, gishiri da dunƙule. Masu noman rani na bakin madatsun Guzu-Guzu da Challawa suna kawo albasa da attaruhu kasuwa.

Sai 'ya'yan zogale, waɗanda su ne sirrin Goggo. Mu mun saba da ganyen, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a sa a dambu, 'ya'yan kuma mu bar su su bushe a sama. Asalin itacen daga arewacin Indiya yake, kuma a can, musamman a kudancin ƙasar, 'ya'yan ne ake yayyankawa a miya. A bazara, lokacin da kusan komai ya yi fari fat, za ki ga zogalen bakin danga yana rataye da su. Ki zaɓi ƙanana, sirara, waɗanda ba su kai kaurin ƙaramin yatsanki ba. Ki lanƙwasa ɗaya. In ya ce ƙas ya karye, namu ne. In ya lanƙwashe ya ƙi karyewa, ya yi zare, ki bar shi ya zama iri. Kada a hau itacen. Reshen zogale ba ya ɗaukar ko ɗan shekara bakwai, kuma duk yaron da ya ce miki ya saba hawa, gobe za a kai shi wajen mai ɗori. A sa gora mai ƙugiya. Ki yanka su tsawon gaɓar yatsa biyu, ki haɗa da ganye cikin hannu ɗaya wanda kika ɗan tafasa kika tsiyaye ruwan don ɗacin ya ragu.

Ki hura wuta bayan La'asar, in rana ta fara sassautawa. Kasko ɗaya mai zurfi ko tukunya mai faɗin baki, shi ke nan. Wadda ta san yadda guga ke daɗewa kafin ya taɓa ruwa a rijiya a watan Afrilu ba sai an yi mata bayanin amfanin rage wanke-wanke ba. Ki dafa kazar da citta da tafarnuwa da rabin albasa da gishiri har ta yi laushi. Ta gida za ta ci kusan awa guda, kada ki gaggauta mata, ita ma ba a rana ɗaya ta yi wannan tsokar ba. Ki juye romon a kwano. A kaskon nan dai ki zuba man shanu ko man gyaɗa, ki soya naman har ya yi ja, ki kwashe, ki rufe, ki ɗora dutse a kan murfin. Ki soya sauran albasar da jajjagen attaruhu. Ki dama gyaɗar da romon har ta saki babu gudaji, ki zuba, ki janye itace ki bar garwashi.

Daga nan ba inda za ki. Gyaɗa tana kama gindin tukunya da ƙiftawar ido, kuma ƙaurinta ba ya ɓoyuwa ko an juye citta kwano guda. A daidai wannan lokacin ne maƙwabciya za ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, kin ji abin da ya faru a gidan biki?" Ki ce, "Ƙanwata, riƙe min shi, kada ya huce," ki ci gaba da juyawa. Idan kika ga mai ya taso yana kewaya gefe, gyaɗa ta nuna. Ki mayar da naman, ki zuba 'ya'yan zogale su yi kamar minti 10, ganyen ya biyo baya. Ki sauke. Sai tafasar ta kwanta gaba ɗaya sannan ki burge kindirmo da maburgi ki zuba a hankali kina juyawa. Kindirmo yana da tsami, in ya haɗu da tafasa tsinkewa yake yi, miya ta zama ruwa gefe, tsaki-tsaki gefe.

Ƙamshin man shanu da albasa ba ya neman izini kafin ya fita zaure. Kada ki wahalar da kanki da rufe ƙofa. Ki riga kowa: kwanon maƙwabciya ya fara fita, da yanka ɗaya da miya mai yawa, tun kafin ta aiko a tambayo ko kin ga tsintsiyarta. Na almajirin gida a ajiye masa a rufe.

Rabo kuwa yana da doka tun kaka da kakanni. Ƙundu na maigida ne, kuma ko tsokar ƙirji duka kika tara masa, sai ya tona da yatsa ya ce, "Wannan kazar ba ta da ƙundu ne?" Hanta ta Inna ce saboda haƙora. Cinya ɗaya ta baƙo, ɗayar ta mai kazar, ko da an biya ta, domin wannan cinyar ce za ta sauƙaƙa cinikin gaba. Wuya da fiffike da ƙafafu na yara ne, ki raba da hannunki, babba ba ya raba wa ƙanensa nama a yi sulhu. Ke kuma da kika sha hayaƙi, ki cire naki tun a bakin murhu, halaliyarki ce. Da tuwon shinkafa ta fi tafiya, amma gurasa ko waina ba za su ba ki kunya ba. A cinye a daren. Miyar da ke da gyaɗa da kindirmo ba ta kwana a zafin da ke kai 40 a ma'auni.

Ɗan yayata ya ci a tabarma, fitila a gefe, iska mai ɗumi tana kaɗawa daga gabas. Bai ce komai ba sai da ya suɗe kwano. Sannan ya ɗauki guntun ɗan zogale da ya rage, ya juya shi a hasken fitila, ya ce, "Wallahi Goggo, ɗanɗanon nan ya yi kusa da na can."

Goggo tana tattara kwanuka ta ce, "To in ka koma ka ce su aiko, a karya musu reshe."