Yadda Za Ka Kayar da Mai Dogon Turanci a Wasan Scrabble

Kowace majalisa tana da nata gwanin Turanci, wanda in ya buɗe baki sai an aika yaro ya ɗauko ƙamus. Ranar da ya shimfiɗa allon Scrabble ya kira ka, kada gabanka ya faɗi. Wasan nan ba ya tambayar digiri. Alfred Butts, Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, mai zanen gine-gine ne, kuma lissafi ya yi: ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi, ya yanka masa farashi. Haruffa 100 ne a jaka, bakwai a hannunka, allo mai gida 15 a tsaye 15 a kwance. Wanda ya san dangin kalmomi shi ke tashi da kofi.

Fara da 'yan ƙanana, masu harafi biyu. Na san girman kai zai raɗa maka cewa kai da ka ci jarrabawar WAEC ka wuce haddar AA, XU, JO da ZA. Ka ce masa ya jira a waje. A ƙamusun Collins, wanda ake gasar duniya da shi, irin waɗannan sun haura 120, kuma su ne ke ba ka damar jera kalmarka a gefen ta abokin wasa, ka ci maki ta tsaye da ta kwance a lokaci guda. Ka kuma riƙe cewa babu ko ɗaya mai V a cikinsu, don kada ka zauna kana harara allo har shayinka ya huce.

Daga nan sai maganar Q. Maki 10 gare ta, amma garwashi ce a tafin hannu: in wasa ya ƙare tana wurinka, za a zare maka goman nan. Masu dogon Turanci zama suke yi suna jiran U, alhali U huɗu ne kacal a jakar, wataƙila ma biyu suna hannun makwabcinka yana murmushi. Kai kuwa ka haddace dangin da ba ruwansu da U: QI, QAT, QADI, QAID, FAQIR, TRANQ. In ka dace Q ta sauka a gidan da ke ninka harafi sau uku, ta ba da QI ta ɓangarori biyu, maki 62 ke nan. Kada ka yi shewa. Ka gyara hula kawai, ka rubuta.

Za a tambaye ka ma'ana. Dole a tambaya, musamman in an ji zafi. Dokar wasa ba ta ɗora maka sanin ma'ana ba, ta ce dai kalma ta kasance cikin ƙamus. Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci a 2015 ba tare da yana jin Faransanci ba, haddar jerin kalmomin ya yi. Ni dai ina son ka san ma'anar, domin kalmar da ka san gidansu ba ta saurin ɓace maka, amma wannan aikin bayan sallar isha'i ne, ba na bakin allo ba.

Akwai ranar da jaka za ta yi maka rowa, ka buɗe hannu ka ga wasula zalla. EAU da EUOI na nan don wannan rana. In kuma baƙaƙe ne suka cika maka hannu, ka tuna CWM, NTH da BRR. Makinsu ba yawa, amma da babu gara ba daɗi.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne nan. Duk wanda ya zubar da haruffansa bakwai a tashi ɗaya ana ƙara masa 50, shi ya sa ƙwararru ke haddar kalmomi bisa haruffan da suka haɗa su. A, E, I, N, R, S da T kaɗai suna haifar da RETAINS, NASTIER, STAINER, RETINAS, da wasu. Saboda haka in ka ga irin waɗannan haruffa sun fara taruwa a hannunka, ka yi musu riƙon amana. S huɗu ne a jaka, farin harafi mara rubutu biyu, kada ka kashe su a kan maki takwas. Sai dai kwaɗayin doguwar kalma yana da tarko. Kalma mai harafi shida tana miƙa ƙafa har kusa da jajayen gidaje takwas masu ninka kalma sau uku, ka buɗe wa abokin karawa ƙofa da hannunka. 'Yan wasan Najeriya sun yi suna a duniya da wannan fahimta: su sa gajeriya mai harafi huɗu ko biyar, su toshe allo, su adana haruffa masu kyau. A watan Nuwamban 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kofin duniya na Scrabble ta Turanci. Abin alfahari ne, kuma ya kamata yaran makarantunmu na Kano da Sakkwato su san shi kamar yadda suka san 'yan ƙwallo.

Wannan hadda za ta bi ka har cikin wayarka. A wasan Wordle, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021, jaridar New York Times ta saye a 2022, ana neman kalma mai harafi biyar cikin gwaji shida. Nan ma dangi ne ke kayar da mutane. Ka samu IGHT duk sun yi kore, wato sun zauna daidai a gurbinsu, sai ka hau canka ɗaya bayan ɗaya: LIGHT, MIGHT, NIGHT, RIGHT, SIGHT, FIGHT, ga TIGHT da EIGHT suna layi, gwaji kuwa ya ƙare. Ka haƙura da kore na zagaye ɗaya, ka jefa FORMS, ta tambayo maka F, R, M da S gaba ɗaya. In duk huɗun sun yi toka, wato babu su a kalmar, ka jefa INLET, ta tantance maka sauran.