Ranar da Fadar Jemis ta Watse

A shekarar 1685 Jemis na Biyu ya hau gadon sarautar Ingila cikin karɓuwa. Majalisa ta yanka masa kuɗin shiga masu tsoka. Da Monmouth, ɗan yayansa, ya tayar da ƙayar baya a wannan shekarar, sojoji suka murƙushe shi nan da nan. Sai sarki ya ga ai shi ke nan, ba sauran mai ja da shi.

Daga nan kunne ya toshe. Majalisa ta yi ƙorafi kan ƙara yawan soja da naɗa hafsoshi ba bisa doka ba, ya sallame ta a watan Nuwamba, bai sake kiranta ba. Alƙalan da suka ƙi biye masa ya tuɓe su. Halifax, wani babban bafade da ya ƙi goyon bayan aniyarsa, ya kore shi daga fada. Aka bar sarki da 'yan amshin shata, kowa sai "ranka ya daɗe". Da ya ji gari ya yi tsit, sai ya ɗauka yarda ce.

A 1688 manyan limaman coci bakwai suka kai masa koke cikin ladabi. Ya sa aka tsare su, aka gurfanar da su gaban kotu. Ranar 30 ga Yuni kotu ta wanke su, Landan ta ɓarke da murna, har sojojinsa suka yi sowa. A ranar nan wasu manyan ƙasa bakwai suka aika takarda ga Wiliyam, jagoran Holan, cewa ya zo. Wiliyam kuwa ba bare ba ne: ɗan 'yar'uwar sarki ne, kuma mijin 'yarsa Meri.

Ranar 5 ga Nuwamba Wiliyam ya sauka a Torbay da jiragen Holan. Jemis ya fita da runduna zuwa Salisbury, amma ba a gwabza babban yaƙi ba. Jon Churchill, wanda sarki ya ɗauko tun yana yaron fada ya mai da shi babban hafsa, ya sulale cikin dare ya koma wa Wiliyam. 'Yar sarki, An, ta fice daga Landan. Sarki ya jefa hatimin mulki a kogin Temis, ƙarshe ya tsallaka Faransa, a can ya rasu a 1701.

Jiragen Holan sun tarar da sarautar ta riga ta ruɓe daga ciki. Waɗanda za su tare wa sarki faɗa shi ya kore su da hannunsa, masu yi masa kirari kuwa abinci ya tara su, ba ƙauna ba.

Duk wanda Allah ya ɗora bisa kujera, ƙarama ko babba, ya leƙa zaurensa ya ƙirga masu iya ce masa "a'a". In ya rasa ko ɗaya, to gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.