An Bar Jaki Ana Dukan Batir

Duk cikin kayan mota babu wanda ya kai batir shan ƙazafi. Da safe a murza makulli a ji ƙas-ƙas-ƙas, kafin a ɗaga bonet an gama yanke hukunci: batir ya mutu. Nan da nan majalisa ta cika. Mai shayi ya baro tukunyarsa, maigadi ya baro ƙofa, maƙwabcin da ko keke bai taɓa mallaka ba ya iso yana naɗe hannun riga. Wannan ya ce a samo dutse a daddaki kan batir, wancan ya ce a tuttula masa lemon kwalba, na uku ya ce a cusa ƙusa a tsakani don ya kama, dattijon cikinsu kuma ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, a dai tashi da addu'a, wannan akwai hannu." Shawara ɗaya ce ba a kawowa, wato a auna. Mun gwammace mu yi cinke mu yi asara da mu auna mu gane, domin cinke yana mai da kowa gwani, awo kuwa mutum ɗaya yake bai wa gaskiya, kuma ba kasafai yake zama mai babbar murya ba.

Alhali maganar ba ta da wani surkulle. Tun 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid, kuma har yau halinsa bai sauya ba: abin da aka ba shi yake ajiyewa, ba ya haihuwar wuta. Kamar randa yake. In kullum ana wayar gari babu ruwa a ciki, ɗayan uku ne: ko ta tsage, ko mai garuwa ba ya cika ta, ko wani na ɗiba cikin dare. Tambaya biyun farko ƴar mitar awon wuta za ta amsa su kafin a gama gaisawa. Batiri mai ɗaki shida, in ya cika ya kuma huta, yakan nuna volt 12.6; in ya nuna 12.2 ya sha kusan rabi. In ya gaza 12 yana shure-shure. Sai a tayar da mota a sake dubawa. Altaneta mai lafiya kan kai shi wajen 13.5 zuwa 14.7. In lambar ba ta motsa ba, mai garuwa ne ya yi yaji, kuma wani lokaci laifin bai wuce fambel da ya saki ba, ko farin garin nan da ke taruwa a kan batir ya hana wuta wucewa.

Na ukun, ɓarawon dare, shi ne ya fi jin daɗin zama da mu, don ba a taɓa zarginsa. Motar zamani ko an kashe ta ba ta barci gaba ɗaya, agogo da kwamfutarta na ɗan lasar wuta, amma bai kamata abin ya haura kusan miliamfiya 50 ba. To ɗauki ƙwan fitilar but mai wat 5 wanda makunninsa ya lalace, yana ci a rufe ba wanda ya gani. Yana jan kusan amfiya 0.4, a wuni da kwana ya sha wajen 10 daga batirin da aka rubuta wa 60. Cikin kwana uku rabi ya tafi. A ƙara da abin da muka jona da hannunmu: sifikun da ke girgiza unguwa, fitilu masu launi a ƙarƙashin mota, na'urar bin sawu, duk an ɗaure su da salatif kai tsaye a jikin batir. Kama ɓarawon ba wuya. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a sa mita tsakanin kan batir mai alamar ragi da wayarsa, a jira kamar rabin sa'a kwamfutar ta kwanta, sannan a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare lambar ta faɗi, a layinsa ɓarawon yake. Matsalar kawai ita ce aikin na son haƙuri da yin shiru, biyun da majalisar bakin titi ba ta ajiye ba.

Akwai kuma wanda ba a isa a nuna wa yatsa ba, domin shi ke biyan kuɗin gyara. Shi ne mai kashe inji a ƙofar gidan biki don tattalin mai, ya bar rediyo da fanka a kunne, ya jona wayoyin iyalinsa duka, ya shafe sa'a biyu yana jiran Hajiya ta gama sallama. Shi ne mai tayar da mota don zuwa masallacin da ke bayan layi, tafiyar da ba ta isa altaneta ta biya bashin da kik ya ci ba. Batirin da ke zama kullum a rabin ciki, gishiri yakan daskare a farantansa har ya daina karɓar caji. Ga zafin bazara, da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantan a hankali. Sai sanyin hunturu ya zo ya tona asiri, mu kuma mu ɗora wa sanyi laifin kisan da zafi ya yi tun watanni.

Wani zai ce ai Oga riwaya ya shekara talatin a sana'a, da kunne ma yana gane ciwon mota. Ba a raina gogewa, kuma masu gyaran wuta na ƙwarai su ne kan gaba wajen ɗauko mita ko ƙwan gwaji. Sai dai wutar da ke zurarewa cikin dare ba ta da ƙara, balle kunne ya ji ta. Wasu dabarun kuma zamaninsu ya wuce. Cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu, ya yi tashe lokacin Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, motar da ba ta da kwamfuta. A motar yau wutar na iya yin tsalle ta ƙona birenbos, wato kwamfutar motar, sai ka zo da ciwon batir ka koma da na ƙwaƙwalwa. Haka gwajin tartsatsi, inda yaron shago ke haɗa kawunan biyu da waya ya ce, "Oga, da sauransa!" Batiri na fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a nan kuwa har ido yana iya ci.

Wani kuma ya ce, to ai da aka sa sabo matsalar ta tafi. Wani lokaci gaskiya ne, don batiri na tsufa, ƴan shekaru kaɗan ne rabonsa. Amma sabo yana zuwa a cike, saboda haka yakan rufa wa altaneta da ɓarawo asiri na ɗan lokaci, kafin su kwantar da shi inda suka kwantar da yayansa. Daga nan sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka da zafin rai, a ce kayan yanzu duk jabu ne. Mai shago ya rantse, mai mota ya rantse, a sasanta a kan wani batirin da ƙarin ciko. Mitar da za ta raba gardamar ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba, amma sayen ta tamkar amsa cewa ba a sani ba ne, mai mota kuwa ya fi jure asara a kan wannan.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta zumunci. A ina kuma za ka ga Alhaji da almajiri da ɗan acaba sun haɗa kafaɗa a kan manufa ɗaya, ana "a sa a giya biyu!", ana "saki kuloci!", in ban da wajen turin mota? Wannan kam ba a musu, mataccen batir ya haɗa kan unguwanni fiye da taron siyasa. Sai dai motocin da ke cika titunanmu yanzu da yawansu otomatik ne, kuma otomatik ba ta tashi da turi ko da gari guda ya taru. Abin da ya rage na al'adar shi ne tsayuwa a bakin titi da wayar jona wuta a hannu, ana ɗaga wa masu wucewa, su kuma suna kau da kai don kowa na tsoron nasa batirin. Wanda ya auna ya huta da wannan tsayuwa. Wanda ya ƙi, in tasa ba otomatik ba ce, ya riƙa ajiye ta a gangare, ya kuma kyautata wa samarin layinsu.