Jinjina Ga Gwanin Kama Fili

Allah ya ja zamanin Civilization, wasan kwamfutar da Sid Meier ya fitar a 1991, shekarar da aka raba Gongola aka sami Jihar Adamawa. Wasa ne na bi-da-bi, ka yi naka motsin, kwamfuta ta yi nata, tun daga shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa zamanin harba kumbo. Tun da kashi na shida ya shiga wayar Android a 2020, saurayin Jimeta ko ɗalibin jami'a a Girei yana iya kwana yana gina daula ba tare da ya tayar da janareta ba. Madalla da malamin da ba ya neman albashi.

Darasin nasa ya fi fitowa a matakin da ya fi kowanne tsanani. A can, kai za ka fara da ayarin kafa gari guda da mayaƙi guda, kowane abokin hamayyarka kuwa ayari uku da mayaƙa biyar, ga shi ya fi ka saurin gini. Gwanayen wasan sun daɗe da gano maganin wannan: kama fili tun da sanyin safiya. Ka tura ɗan leƙen asiri ya gano maka kogi da tudu da inda ƙarfe da dawaki suke. Ka yi ta fitar da ayari bayan ayari. Ka dasa gari a bakin ƙofar maƙwabcinka ko da wurin ba ya fid da ko gero, don kawai ka toshe masa hanya. Wasu na cewa in an kai zagaye na 100 ba ka da garuruwa goma, ka riga ka makara. Har da wani katin doka da ke ƙara saurin fitar da ayarin da kashi 50 cikin ɗari, kuma waɗanda suka ƙirƙiro wasan, Allah ya saka musu da faɗin gaskiya, sun raɗa masa suna mulkin mallaka.

Amma inda wasan ya cancanci tambari shi ne taswirarsa. Ƙasa ce shimfiɗe, ba mai ita, tana jiran ka. Mutanen da za ka tarar a kanta ba sa ba da wahala ko kaɗan. Akwai ɗan ƙauyen da in sojanka ya taka shi zai ba ka zinariya ko wata fasaha, nan take kuma ya ɓace daga doron ƙasa. Akwai sansanin mutanen daji, su kuma ka karkashe su a ba ka lada. Ba diyya, ba mai unguwa, ba tsohuwar da za ta zo ta ce nan aka binne mahaifinta. Wace irin rahama ce wannan ga mai son ci gaba!

Mu a Yola ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin a kanmu zakarun duniya suka buga wasan. Ɗan leƙen asirin farko shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo da kuɗin gwamnatin Ingila a watan Yuni na 1851. Sarkin Yola, Lamiɗo Lawal, ya sallame shi cikin 'yan kwanaki, amma ina, ya riga ya ga Binuwai ya rubuta. Wani Bajamushen, Flegel, ya biyo sawu a 1882. Kamfanin Royal Niger na Ingila, da aka hana shi ya yi gini a tudu, sai ya girke tsohon jirgi a kan ruwa yana ciniki daga ciki, wanda shi ne ainihin dasa gari a ƙofar maƙwabci. Mizon na Faransa ya iso a 1891, ya sake dawowa har da kyautar igwa biyu ga Lamiɗo Zubairu. A sara wa Bafaranshe, ya yi ƙoƙari, sai dai an riga shi fitar da ayari.

Sai motsin da ya kamata a riƙa koya wa duk mai son ƙwarewa. A watan Nuwamba na 1893 Ingila da Jamus suka sa hannu a kan takarda a Berlin, suka ja layi daga Binuwai zuwa Tafkin Chadi, suka lanƙwasa shi ya zagaye birnin Yola. Kai ya faɗa hannun Ingila, gangar jiki ta tafi Jamus: Garwa, Marwa, Ngaundere, Tibati, Banyo, mafi yawan ƙasar Fombina, wato daular Lamiɗo. Ba a ɓata wa Lamiɗo lokaci da shawara ba, don an san yana da ayyuka da yawa. Da ya ƙi fahimtar alherin da aka yi masa, Kanar Morland na Ingila ya hau kogi da jirage a watan Satumba na 1901, ruwa ya cika, aka buɗe wa fada da masallaci wuta, Zubairu ya tsere, aka naɗa Bobbo Ahmadu a madadinsa. Jamusawa suka tarye Zubairu a Garwa, suka ƙara karya shi a Marwa a farkon 1902, a 1903 ya rasa ransa a wajen Gudu. Ko gwanin da ya fi kowa a intanet bai taɓa share taswira da tsafta haka ba.

Kada kuma mu yi wa kanmu rowar yabo. Sa'ad da Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar, ya sauka Yola a 1841, bayan zaman Gurin da Ribaɗu, mutanen Bata na nan bakin kogi, mutanen Verre na kan duwatsunsu. A taswirar wasan su ne ƙauyen nan mai ladabi da ke miƙa kyauta ya ɓace. Da suka ƙi ɓacewa, har jikokinsu na zaune a Jimeta da Girei da Fufore suna tuna inda gonakin kakanninsu suke, ai laifinsu ne da ba su karanta dokar wasan ba.

To ga babbar nasarar Sid Meier. Yaron da kakan kakansa ya gudu daga igwar Morland, yau shi ne a kujerar Morland, yana duban kogi daga sama yana lissafin inda zai kafa tuta kafin wani ya riga shi, kuma ba abin da ke sosa masa rai sai jinkirin ayari. Makarantar boko ta zamanin Turawa ba ta taɓa iya cusa wannan darasi da daɗi haka ba. Don kada mu ce an manta da mu, kashi na bakwai da ya fito a watan Fabrairu na 2025 ya sa Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa, sai a ci gaba da mamaye ƙasar mutane da sunan wadda muka sani. An gode ƙwarai.

Wanda duk yake son ya ga ingancin aikin gwanayen da idonsa, ya shiga mota zuwa Gurin, hedikwatar Modibbo Adama ta farko. Garin na nan a gaɓar kogin Faro, a bakin iyaka. Wanda zai tsallaka ya gai da danginsa na ƙetare, ya tanadi takardar shaida, ya canja nairarsa zuwa sefa, ya kuma ɗan koyi Faransanci saboda jandarma.